Tambayoyi da Amsoshi Kan Ziyarar Tsofaffin Biranen Gaɓar Teku a Doguwar Tafiyar Jirgin Ruwa

Tun da muka dawo ni da Hajiya daga tafiyar kwana 41 a jirgin ruwa, bakina bai huta ba. A majalisarmu ta bayan La'asar a Runjin Sambo tambaya, wajen ɗaurin aure tambaya, har waya nake samu daga mutanen da ban san wa ya ba su lambata ba. Da na ga tambayoyin kusan su ne dai suke dawowa, sai na tattara su wuri guda. Mun tashi daga Italiya a watan Oktoba, muka zagaya Bahar Rum, muka fita ta mashigin Jabal Ɗariƙ, muka tsallaka Tekun Atlantika zuwa Birazil.

Wai wace irin tafiya ce wannan? Me ya hana ku hau jirgin sama ku huta?

Kawuna ne ya fara yi mini ita: "Mi ka kai mutum cikin ruwa wata guda da kwanakki, ba hajji ba, ba hwatauci ba?" Na ce masa, Kawu, otal ne da yake tafiya. Ka ajiye akwatinka sau ɗaya, ka ci abincin dare, ka kwanta, gari na wayewa ka leƙa ka ga wata ƙasa. Manyan jiragen suna ɗaukar fasinja dubu uku zuwa dubu biyar, ban da ma'aikata. Akwai tafiyar mako guda, akwai ta zagaya duniya da take wuce kwana 100. Tamu tafiya uku ce muka jera a jirgi ɗaya.

Ribarta, za ka taka garuruwa da yawa ba tare da ɗaukar kaya daga masauki zuwa masauki ba. Abin da ba za ka samu ba shi ne lokaci. Garin da ya shekara dubu biyu a tsaye, awa takwas ko tara za a ba ka a cikinsa. Kusan duk sauran amsoshin da ke ƙasa a kan waɗannan awowin suka ginu.

Daga Sakkwato ta ina ake farawa?

Daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III zuwa Abuja ko Legas, daga can zuwa garin da jirgin ruwan zai tashi. Ka isa garin da kwana ɗaya, in da hali biyu. Mu da muka san yadda ake ɗage tashin jirgi idan hazo ya rufe gari ba ma buƙatar dogon bayani. Jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirgin samansa ya makara.

Biza nawa zan nema? Ko tikitin jirgin ya wadatar?

Bai wadatar ba, kuma a nan mai koren fasfo yake shan wahalar da Baturen da ke ɗaki kusa da shi bai ma san da ita ba. Italiya, Girka, Malta da Sifaniya biza ɗaya ta Shengen, wato yankin ƙasashen Turai da ake shiga da biza guda, ta ishe su. Kuɗinta yuro 90 ga babba tun watan Yunin 2024, ana neman inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, kuma ana iya nema tun saura wata shida tafiya. Abin da za ka dage a kai shi ne a ba ka mai shiga sau da yawa. Da zarar jirgi ya tsaya a Tunisiya ko Turkiyya ka fita daga yankin, komawa Malta kuwa sabuwar shiga ce. Mai doguwar tafiya ya riƙe lissafin kwana 90 a cikin kwana 180, don shi ne iyakar zaman da bizar ta halatta.

Masar, Turkiyya, Tunisiya, Maroko da Birazil kowace da nata tsarin. Ka ɗauki jerin tashoshin ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi ofishin jakadancin kowace ƙasa, ka kuma sa kamfanin jirgin ya rubuto maka abin da yake buƙata daga ɗan Nijeriya. Kada ka ce ai ba zan sauka a wancan garin ba, zan zauna a ɗaki. Sau da yawa ana hana mutum hawa tun ranar farko idan bizar ƙasa ɗaya ta yi giɓi. Fasfo ya zama da sauran wata shida bayan ranar dawowa, ka kuma riƙe katin rigakafin shawara.

Awa nawa ake yi a kowane gari?

Galibi jirgi yana isa tsakanin bakwai da tara na safe, ya tashi tsakanin biyar da bakwai na yamma, kuma ana son kowa ya dawo saura kamar rabin awa a tashi. Wasu manyan garuruwa, irin Santambul, akan kwana. Amma awowin da ke rubuce a takarda ba su ne naka ba. Ka cire layin sauka, ka cire hanya.

Hanyar ce take yaudarar mutane. An rubuta Roma, amma jirgin a Cibitabekkiya yake tsayawa, kilomita wajen 80 daga birnin, kamar daga Sakkwato zuwa Illela. An rubuta Alƙahira, jirgin kuwa yana Iskandariyya, tafiyar da ta kai ta nan zuwa Gusau. Benis ma tun 2021 aka hana manyan jirage ratsa tsakiyarta. Wasu wuraren kuma, kamar tsibirin Santorini na Girka, jirgi ba ya iya matsowa gaɓa, sai ya tsaya a cikin ruwa a riƙa fiton mutane da ƙananan jirage. Ranar da iska ta yi ƙarfi a soke saukar gaba ɗaya, ba kuma wanda za ka kai wa ƙara.

In bi motar yawon da jirgi ya shirya, ko in fita da kaina?

Ga ƙa'idar da na tsayar wa kaina bayan na sha wuya: idan abin da nake son gani yana cikin garin da jirgi ya tsaya, da ƙafata nake zuwa. Idan sai an yi tafiyar awa biyu a mota, na jirgi nake bi, ko da ya fi tsada. Dalili ɗaya ne: motar da jirgi ya shirya idan ta makara ana jiran ta, kai kaɗai kuwa ba a jiran ka.

Aibin nasu, ɗan jagoran ba don kai aka shirya shi ba. Zai tsaya da ku rabin awa a gaban gunkin wani sarkin Rumawa, ya wuce masallaci mai shekara dubu da nuni da yatsa, sannan ya kai ku shagon darduma ya bar ku awa guda da mai shago. Lokacin salla ma ba ya cikin lissafinsa sai ka yi magana tun a mota.

Idan jirgi ya tashi ya bar ni fa?

Saura ƙiris in ba ku wannan amsar daga tasha. A Tunisiya ne. Jirgi ya tsaya a Halƙul Wadi, tashar birnin Tunis, muka yi shatar tasi zuwa Ƙairawan. An ce kowa ya dawo biyar da rabi. Wayata ta kama agogon Tunisiya, wanda daidai yake da na Nijeriya, jirgin kuwa ya zauna a kan agogon Italiya, wanda a lokacin yake gaba da awa ɗaya. An rubuta haka a takardar da ake turowa ɗaki kowane dare, ni ne ban karanta ba. Muna zaune muna shan shayi, ƙarfe biyu a wayata, hankalina kwance, sai Hajiya ta dubi agogon hannunta da ba ta taɓa ba tun Italiya, ta ce, "Alhaji, agogon wa kake bi?" Ƙarfe uku. Hanya kuwa awa biyu ce idan ba cunkoso. Direban nan ya taka mota, ni ina salati, Hajiya ta yi shiru, irin shirun da ya fi faɗa zafi. Mun iso ana shirin janye matakala, ana ta kiran sunayenmu a lasifika, an karya su yadda ni kaina ban gane nawa ba.

Idan abin ya faru da gaske, kowane kamfani yana da wakili a tashar, lambarsa tana cikin waccan takarda ta kullum, don haka ka ɗauki hotonta kafin ka sauka. Shi zai taimaka maka ka cim ma jirgin a tasha ta gaba, amma daga aljihunka. A nan maganar biza mai shiga sau da yawa da na yi a sama take aiki: wanda ba shi da ita, tafiyarsa ta ƙare ke nan. Ka ɗaura agogon hannu na gargajiya, ka saita shi da na jirgi.

To me ya kai ku Ƙairawan, alhali ga Tunis a kusa?

Risala ce ta kai ni. Duk wanda ya zauna a zaure a garin nan ya san sunan mai littafin, Ibn Abi Zaid Alƙairawani, amma sai da na tsaya a bakin kabarinsa sannan na ji a jikina cewa mutum ne da ya yi rayuwa a wani gari mai ƙura da rana kamar namu, ya rasu a 996. Sahnun mai Mudawwana ma a can yake kwance. Garin kuwa, Uƙba ɗan Nafi'u ne ya kafa shi a 670, kuma babban masallacin da ake kira da sunansa yana tsaye. Ka dubi ginshiƙansa da kyau, ba su yi kama da juna ba, domin daga kufan Rumawa aka kwaso su. Tsakar gidan masallacin an ɗan karkata ta yadda ruwan sama zai gangara rijiyoyin da ke ƙasa. Mutumin Sahel yana gani zai gane tunanin wanda ya gina.

Nisan kilomita wajen 160 ne, kusan Sakkwato zuwa Birnin Kebbi. Wanda ba ya son tashin hankalin da na ba da labari a amsar da ta gabata, Tunis kanta ta ishe shi yini: masallacin Zaituna a tsakiyar tsohon gari, unguwar da aka haifi Ibn Haldun a 1332, da kangon Kartaj da Rumawa suka rushe shekara 146 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda ke 'yan mintuna daga tashar. Taura biyu dai ba ta taunuwa. Ka zaɓi ɗaya.

A Iskandariyya, in tsaya ko in wuce ganin dalar Giza?

Idan ba ka taɓa zuwa Masar ba kuma ba ka sa ran komawa, je ka ga dala, amma a motar jirgi, ka kuma san awa shida na yininka a hanya za su tafi. Mu da yawa muna ratsa Alƙahira don karatu ko asibiti, saboda haka ni na tsaya.

Ban yi nadama ba. Gari ne da Iskandar na Makidoniya ya kafa shekara 331 kafin haihuwar Annabi Isa. A bakin ruwa akwai ganuwar Sarki Ƙaitbai ta wajen 1477, a daidai gurbin tsohuwar hasumiyar da take haska wa jirage hanya. Ba nisa da nan ga masallacin Abul Abbas Almursi, ɗalibin Shehu Shazali, kusa da shi kuma masallaci da kabarin Busiri mai Burda. Na tarar da wasu dattawa suna rera ta bayan Azahar, da wata karya murya daban da tamu, amma baitocin su ne, har na tsinci bakina yana bi. Sabon ɗakin karatun da aka buɗe a 2002 yana ɗaya gefen gaɓar.

Yini ɗaya a Santambul, me zan gani?

Sa'arka a nan tashar tana cikin gari, jirgin ƙasa na kan titi zai kai ka dandalin Sultan Ahmad cikin mintuna kaɗan. Aya Sofiya tana nan: an gama ta a 537 tana coci, ta koma masallaci bayan Muhammadu Fatih ya ci birnin a 1453, aka mai da ta gidan tarihi a shekarun 1930, ta sake komawa masallaci a 2020. Tana fuskantar masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida. Bayanta fadar Tofkafi, inda aka keɓe ɗakuna na kayan da ake jingina wa Manzon Allah (SAW) da sahabbai, ana karatun Alƙur'ani a wurin ba yankewa.

Ka duba ranar da jirginku zai isa, don Tofkafi ba ta buɗewa ranar Talata, babbar kasuwar rufi kuma ranar Lahadi. Idan jirgi zai kwana, ka yi sammako zuwa unguwar Ayyub, inda kabarin sahabi Abu Ayyubal Ansari yake, wanda ya sauki Annabi a gidansa a Madina. 'Yan yawon jirgi ba su cika zuwa can ba, kuma a ganina ya fi layin awa biyu na wasu wuraren.

An ce ana iya ganin Andalus daga jirgi. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Malaga ta kudancin Sifaniya tasha ce, kuma ganuwarta ta Musulmi ta ƙarni na 11 tana kan tudu, da ƙafa ake zuwa. Fadar Alhamra kuwa tana Garnaɗa, kilomita wajen 130. Tikitinta kan ƙare tun da makonni, yana ɗauke da sunanka da lokacin shiga, sai ka nuna fasfo, kuma wanda ya makara ba a buɗe masa. Wannan tana cikin tafiye-tafiyen da na ce a bi motar jirgi. A bangonta an sassaƙa "Wa la galiba illallah" ba adadi, taken gidan sarautar da ta miƙa garin a 1492.

Ranar da za ku ratsa mashigin Jabal Ɗariƙ kada ka zauna a ɗaki. Inda ya fi ƙunci kilomita 14 ne kacal tsakanin Turai da Afirka. A gefe ɗaya dutsen da ya ɗauki sunan Ɗariƙ ɗan Ziyad tun 711, a ɗaya gefen Sabta, mahaifar Alƙali Iyal mai Ashafa da muke saurara kowane azumi.

Maroko fa? Hajiya ta ce a sayo mata jakar fata.

Ka saya, amma ka san tarihin abin da kake ciniki a kai. Fatar jar akuyar Sakkwato ce ayari suke ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai da sunan fatar Maroko. Na gaya wa wani mai shago a Tanja haka, ya yi dariya, bai kuma rage mini ko sisi ba. A Tanja aka haifi Ibn Baɗuɗa a 1304, wanda ya ambaci Gobir a labarin tafiyarsa, kuma akwai ɗan ƙaramin hubbare a lungun tsohon gari da ake jingina masa. A Kasabalanka abin gani ɗaya ne babba, masallacin Hassan na Biyu da aka gama a 1993, hasumiyarsa mita 210, wani sashensa a kan teku.

Garuruwan da ba su da tarihin Musulunci, akwai amfanin sauka?

Akwai. Malta ta ba ni mamaki: Kiristoci ne, amma harshensu daga Larabci ya tsiro, Ubangiji "Alla" suke ce masa, ƙirgensu kuma duk wanda ya yi makarantar allo zai gane shi. An kafa Baleta, babban birninta, a 1566, shekara guda bayan dakarun Usmaniyya sun kewaye tsibirin sun kasa cin sa. Shigar jirgi tasharta da sassafe, tsakanin ganuwoyi masu ruwan zuma, ta fi duk wata shiga da na gani.

Sai dai a doguwar tafiya ido yana ƙoshi. Bayan mako uku coci ya koma coci, ganuwa ta koma ganuwa. Ba laifi ba ne ka bar wata tasha ta wuce, ko ka sauka ka sha shayi kawai ka dawo.

Me ya haɗa Bahaushe da Birazil?

Fiye da yadda muke zato. Salbado ta jihar Bahiya ita ce babban birnin Birazil na farko, daga 1549 zuwa 1763, kuma babbar tashar sauke bayi. A shekarun yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804, an kama mutane da yawa daga ƙasar Hausa, aka gangara da su gaɓar teku, aka sayar. Tarihin Bahiya ya rubuta yunƙurin tawayen Hausawa a 1807, 1809 da 1814. Sai babban boren Musulmi na watan Janairun 1835, a ƙarshen azumi, wanda Yarabawa suka fi yawa a cikinsa, da Hausawa tare da su. An samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ba a haramta bauta a ƙasar ba sai 1888.

Daga tasha akwai na'urar hawa ta Laserda, mai tsawon mita 72, da ke ɗaga mutum zuwa tsohon gari, unguwar Felorinyo, wadda sunanta ma daga turken da ake ɗaure bayi a yi musu bulala ya samo asali. A nan na ga wata mata da farar riga da ɗaurin kallabi tana sakin ƙullun wake a cikin manja. Ƙosai ne, wallahi, suna ce masa akaraje, sai dai suna tsaga shi su cusa jatan lande da yaji. Na tsaya ina ci ina tunanin wanda ya kawo shi nan. Jiragen da ke bin gaɓar Afirka ta Yamma kuma suna tsayawa Dakar, inda tsibirin Gore mai tarihin cinikin bayi yake, wasu kuma Gana, inda ake zuwa gidan Elmina na 1482, wanda a cikinsa ake tsare bayi kafin a loda su a jirgi.

Ana iya yin Umra daga jirgin?

Tun 2021 jiragen yawo suke tsayawa Jidda, wadda tsohuwar unguwarta ta Albalad ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 2014. A tashar garin nan kakanninmu suke sauka bayan sun taka ƙasa har Sudan sun tsallako daga Sawakin. Amma kada ka gina niyyar Umra a kan tsayawar awa goma. Akwai maganar irin bizar da aka ba ka, akwai ta miƙati, wadda sai ka zauna da malami tun kafin tafiya. Ga kuma hare-haren da aka fara kai wa jirage a Bahar Maliya tun ƙarshen 2023, da suka sa kamfanoni da yawa suka bar hanyar Suwez suka koma zagaya Afirka ta kudu. Kamfani yana da ikon canja tasha, kuma yana cikin sharuɗɗan da ka sa wa hannu.

Malam, salla fa? Ina alƙibla a tsakiyar teku?

Talabijin ɗin ɗaki yana nuna inda jirgi yake da inda ya dosa, manhajar alƙibla ta waya kuma tana aiki idan ka fita sarari. Ka duba kafin kowace salla, don jirgi yana juyawa. A Santambul kudu maso gabas za ka fuskanta, abin da zai ɗaure wa Basakkwace kai a ranar farko. A Salbado kuwa kusan yadda muke fuskanta a gida ne. Lokacin tsallaka Atlantika ana mai da agogo baya da awa ɗaya a wasu darare, sai na koma duban rana da inuwa kamar yadda aka koya mana muna yara.

Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli ka tambayi malaminka da jerin tashoshinka a hannu. Ka tafi da buta ƙarama da darduma mai naɗewa. Ba kowane jirgi ne yake da ɗakin salla ba, amma da muka haɗu da wasu 'yan Indonesiya da Turkawa muka roƙa, an ba mu wani ɗakin taro.

Abinci fa? In tafi da kilishi?

Kada ka tafi da shi. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama da kayan madara daga waje, a filin jirgi za a karɓe. Yaji da garin kunu ba su da wannan matsalar. A cikin jirgi ka sanar da kamfani buƙatarka tun wajen sayen tikiti, sannan ka samu shugaban masu hidimar abinci a daren farko. Kifi ne mafakarmu, tunda hadisi ya ce teku ruwansa mai tsarki ne, mushensa halal. Ka dai tambaya, don suna zuba giya a wasu miya da kayan zaƙi. Yawancin tashoshi kuma ba a yarda ka sauko da 'ya'yan itace ko abincin jirgi ba.

Hajiya tana da ciwon gwiwa, ni kuma ko kwale-kwalen Gulbin Rima ban taɓa shiga ba. Za mu iya?

Babban jirgi a Bahar Rum sau da yawa ba ka ma jin yana tafiya. Atlantika ce take da ranakunta. Ka nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a benen ƙasa-ƙasa, inda lilo ya fi sauƙi. Citta tana taimakawa, akwai kuma maganin jiri da likita zai rubuta. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ɗebi maganin da zai wuce kwanakin tafiya, don asibitin jirgi da tsada. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mai cikin da ya kai mako 24.

Gwiwa kuwa, tsofaffin garuruwan nan duwatsu ne da matakala da tudu. Takalmi mai taushi ya fi kowane ado. Hajiya ta yi tafiyarta duka da hijabinta ba wanda ya tanka mata, sai dai iskar saman jirgi, wadda sanyinta ya fi na hunturunmu, don haka a tafi da rigar sanyi. Kaskon turaren wuta, dutsen guga da tukunyar dafa ruwa duk a bar su gida. Wuta ce abin da jirgi ya fi tsoro, a bakin ƙofa ake ƙwace su.

Bayan kuɗin tikiti, me kuma zai ci kuɗi?

Ladan ma'aikata da ake ƙarawa a lissafinka kowace rana, motocin yawo, intanet, ruwan gora, wanki, ga jirgin sama da biza da inshora. A cikin jirgi ba a karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu, katin ɗakinka ne mabuɗi, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma aljihu. Ka jingina shi da katin asusun dala, don katin naira yana iya ƙin aiki a inda ba ka da mai ranta maka. Wanda ya shiga Tarayyar Turai da tsabar yuro 10,000 ko fiye sai ya bayyana. Da jirgi ya bar gaɓa ka kashe layin wayarka, in ba haka ba za ta kama na tauraron ɗan Adam, wanda kiran minti kaɗan a kansa ya isa ya cinye katin wata.

Wace tsaraba ta fi dacewa?

Mara nauyi, domin jirgin ruwa ba ya auna kaya, amma jirgin saman da zai mai da kai Abuja yana aunawa. Mun ga wani bawan Allah a filin jirgi yana buɗe akwati yana raba wa masu shara faranti. Mu dabinon Tunisiya muka ɗebo, da carbi daga Santambul, da jakar nan ta Tanja. Kawu kuwa Risala na kawo masa, bugun Tunis, da hoton kabarin mai littafin. Ya sa tabarau ya daɗe yana duban hoton, sannan ya tambaye ni nawa ne kuɗin ɗaki na mutum ɗaya, kuma ko ana barin mutum ya shiga da goro.